Sa Hannu Biyu

Ran Litinin na sauka Jega da jaka da jan biro.
Bene ne, bayan layin masu ɗinkin buhu,
nan asusun zuba jari ya kama haya.
Kuɗin manoman shinkafa ne a ciki, da na dillalan albasa,
da giratutin malaman da alli ya cinye wa yatsu.

Manaja Magawata ya tarbe ni da lemo mai raɓa.
Na ce a mayar firji tukuna, sai na gama.
Ya yi dariyar da ta tsaya a haƙora.

Ƙa'ida ta ce mai nema daban, mai amincewa daban,
mai biya daban, wani can ya daidaita da banki.
Haka kundin ya faɗa a shafi na sha bakwai,
shafin da ya manne da na sha takwas
don ba wanda ya taɓa raba su.

Na zaro fayil arba'in ba zaɓe,
yadda mai awo ke soka hannu tsakiyar buhu,
don saman buhu kowa ya iya gyara shi.
Sa hannu biyu a kowace takarda, tsaf.
Sai dai wutsiyar harafin ƙarshe
gefe ɗaya take karkata a duka biyun,
nauyin hannu ɗaya, tawada ɗaya.
Kuma watan da aka ce Luba ta amince da biya,
Luba na ɗakin uwarta tana wankan jego.

Na kira akanta. Arzika, mai furfura a gemu,
tabarau ɗaure da zare a kunne guda.
Bai yi musu ba.
Ya ja durowa, ga hatimin Luba kwance kusa da goro,
ya ɗaga allon kwamfuta, ga lambar sirrinta a guntuwar takarda.
Ya ce, "Ruwa ya sauka, mutane na jiran kuɗin taki.
In jira ta gama arba'in, shuka ta jira ni?"

Kwana uku ina bin kuɗin nan sawu-sawu,
daga rasit zuwa banki, daga banki zuwa fadama.
Na buga wa Nomau waya a Kimba, ya ce ya karɓa.
Janareta ya mutu, na ƙarasa da fitilar waya.
Ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Arzika ya ce, "To mi ya ɓace?"
Na ce babu.
"To mi za ka rubuta?"

Na ce zan rubuta tsagar bango,
ko da ƙadangare bai riga ya gan ta ba.
Kai ne ƙofar gidan nan, kai ne kwaɗo, kai ne makulli,
ga ka da ciwon suga, ga ritaya saura shekara biyu.
Kujerar nan ba ta gadon hali.
Wanda zai hau ta bayanka, durowar ce zai fara ja.

Ya yi shiru har aka kira la'asar.
Sannan ya ɓamɓare guntuwar takardar,
ya yayyaga, ya zuba a aljihun gaba.

Na rubuta: aiki uku a hannu ɗaya, haɗari babba.
Na sa muƙami, ban sa suna ba,
ko da yake a ofis mai mutum shida
muƙami ma suna ne.

A matakala na ci karo da wata tsohuwa,
katin asusu naɗe cikin leda, leda cikin habar zane.
Ta ce, "Kai ne baƙon da ke ƙirga? Suna nan?"
Na ce suna nan, Inna, cif-cif.
Ta yi hamdala ta wuce sama a hankali.
Ban faɗa mata abin da ke riƙe da su ba.

Lemon yana firji har yanzu.
Magawata bai sake tayi ba.